Daga Zango Zuwa Zango a Kan Hanyar Gwanja

  

Abin da ya jawo zancenmu na wannan karo shi ne wasu hotuna da ɗan ƙanena, wanda yake karatu a Faransa, ya aiko mini ta waya. Shi da abokan karatunsa sun ɗauki kwana goma suna zagaya dutsen Mont Blanc da ƙafa, a kan wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 170 wadda ta ratsa ƙasashe uku, wato Faransa da Italiya da Suwizalan. Su hau tudu, su gangara kwari, dare ya yi su kwana a ƙananan garuruwa. A ɗaya daga cikin hotunan yana tsaye a bakin tafkin wani ƙauye da ake kira Champex, ruwa ya kwanta luf, duwatsu sun yi masa ƙawanya. A ƙasan hoton sai ya rubuto mini: "Baba, da ma a ce muna da irin wannan hanya a gida." Na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina. Yaron nan a unguwar Zongo aka yanke masa cibiya, amma bai san sunan unguwar tasu ma sunan masauki ba ne a kan wata hanyar ƙafa da ta ninka tasu ta Mont Blanc har sau shida. Laifin kuwa namu ne, mu iyaye, domin ba mu taɓa zaunar da shi mun gaya masa ba.

Hanyar da nake nufi ita ce hanyar Gwanja, wadda fataken Hausa suka riƙa bi a ƙarni na 18 da na 19 domin sayo goro. Mafarinta Kano da Katsina da Zariya, ƙarshenta kuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, cikin arewacin Gana ta yau, nisan da ya haura kilomita 1,000. Hanyar ta rabu. Akwai ta arewa, wadda take bi ta ƙasar Gurma ta faɗa Sansanne Mango. Akwai kuma wadda ta shafe mu, wadda take ƙetare kogin Kwara a wajejen Yawuri ko Busa, ta shigo ƙasar Bargu, ta biyo Nikki, ta sauka Parakou, ta miƙa Djougou da dattawanmu suke kira Zugu, daga nan ta bi Semere da Alejo ta shiga duwatsun Kotokoli a Togo ta yau, ta haye kogin Oti, sai Salaga. Zuwa kaɗai yakan ci wata biyu zuwa uku, idan kuma aka haɗa da zaman ciniki da dawowa, mutum yakan bar gida rabin shekara ko fiye.

Kada mai karatu ya zaci tafiyar mutum biyar ko goma ce. A shekarar 1826 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama, can gabas da mu a Bargun Nijeriya, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanen sun fi dubu, maza da mata, dabbobin ɗaukar kaya ma kamar haka. Idan za su tafi suna ɗauke da kanwa da tufafin Kano da jemammun fatu da busasshen ganyen albasa, suna kora dabbobi. Idan za su dawo kuwa goro ne a huhu, a bayan jakuna da kawunan 'yan alaro. Goro kaya ne mai son kulawa, sai an riƙa kwance shi a hanya ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda ya lalace, ana sake masa ganye, in ba haka ba kafin a kai Kano wahalar watanni ta tashi a banza. Gidajen da suka fi shahara a wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi bayani a littafinsa kan fataucin goro da aka buga a Zariya a 1980.

Ayari kuma yana da tsari irin na gari. Madugu shi ne shugaba, shi yake magana da sarakunan hanya, shi yake daidaita kuɗin fito da na wucewa, shi yake yanke ranar tashi. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki, akwai kuma malamin ayari mai riƙe lissafi da jan salla. Inda duk aka sauke kaya aka kwana, nan ne zango. Da tafiya ta yi tafiya, wasu zangunan suka zama unguwanni, saboda wani ya tsaya jinya, wani ya yi aure, wani ya ga ya fi masa ya zama mai masauki, ya riƙa karɓar fatake yana adana musu kaya yana haɗa su da masu saye. Haka unguwar Wangara ta bunƙasa a Djougou a gefen Kilir, mazaunin sarki, haka kuma harshen Dendi ya zama harshen kasuwa tsakanin baƙi da 'yan ƙasa a Djougou da Parakou har zuwa yau. Kalmar Zongo da muke gani a allunan unguwanni daga Kwatano zuwa Lome da Kumasi da Akara, asalinta ke nan. Da yawa daga cikin gidajenmu, in an bi salsala, za a tarar kakan kaka ya iso nan ne a bayan jaki, da niyyar ya kwana biyu ya wuce.

To, yaya aka yi hanya mai irin wannan girma ta mutu? Dalilan sun zo ne ɗaya bayan ɗaya. A 1874 sojan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, goro ya fara neman wasu kasuwanni. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake da malamai suka bazu, da yawa suka koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zama limami a can har ya rasu a 1934. Daga nan Turawa suka yanka hanyar gunduwa-gunduwa, Ingila ta ɗauki nata, Faransa ta ɗauki nata, Jamus ta ɗauki nata, kowa da kwastan ɗinsa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai ya zamana an fi samun sauƙi a ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya haura da shi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ɗan gidan Agalawa ne da ya san hanyar Gwanja da ƙafarsa, yana kuma cikin waɗanda suka fara bin ta teku. Mu ma nan, layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, mota ta biyo baya, fuskar kasuwanci ta juya kudu.

Abin da ya rage sai ruwa ya ƙarasa. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya cinye tsohon garin Kete-Krachi, aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwa da ƙauyukan kwarin. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa ita ma ta nutse, aka gina wa mutanenta sabuwa. Ka ga ke nan hanyar kakanninmu tana da garuruwan bakin tafki a gabas da yamma, sai dai tsofaffin garuruwan da fatake suka sani suna ƙarƙashin ruwan. Yankin da ya rage a tudu, wanda ƙafa za ta iya takawa, wani ɓangare nasa yana nan wajenmu, tsakanin Nikki da iyakar Togo. Wannan shi ne abin da na rubuta wa ɗan ƙanena. Amma da na aika, sai zuciyata ta ce da ni: kai fa, yaushe rabonka da tafiyar kilomita biyar a ƙasa? Daga gida zuwa masallacin Juma'a ma sai ka tsai da zem.

Saboda haka a hutun Disambar da ya wuce na tara 'ya'yana da na maƙwabta, mu goma sha ɗaya, manya huɗu da yara bakwai, muka ce bari mu gwada ƙafafunmu a duwatsun Taneka. Duwatsun suna arewa maso yammacin Djougou, a gefen hanyar fatake suke, amma su ne tudu mafi kusa da za a iya zuwa a dawo a yini guda. Mota ta kai mu Copargo, kimanin kilomita 20 daga Djougou, muka yi sallar Asuba, muka kama turba hazo bai gama washewa ba. Muka ratsa gonakin doya da aka riga aka haƙe, da karan dawa a tsaye, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa da yazawa, can kuma kuka ta tuɓe ganye. Yaran da na zaci za su fara ƙorafi su ne a gaba suna tsalle. Mu manya kuwa, ba a yi nisa ba numfashi ya fara yi mana wuya. Wasu mata masu zuwa kasuwa, kowace da kwandon doya a ka, wata ma da goyo, suka gaishe mu da Dendi suka wuce mu kamar muna tsaye. Ƙaramar 'yata ta dube ni ta ce: "Baba, su ba su gajiya ne?" Na ce da ita su kullum suke yi, mu kuwa yau muka fara.

Kurakurai biyu na yi, zan kuma faɗe su don wani ya tsira. Na farko, na sa sabon takalmi da na saya musamman domin tafiyar, kafin hantsi ya yi mini kanta biyu a diddige, na ƙarasa hawan ina ɗingishi. Na biyu, na lissafa ruwan leda bibbiyu ga kowa, na manta iskar hunturu tana busar da maƙogwaro ko mutum bai yi gumi ba. Kafin mu isa ƙauyen ruwanmu ya ƙare, ɗaya daga cikin yaran ya fara jiri. Wata dattijuwa ce ta fito daga ɗakinta da ƙwarya ta shayar da mu, na miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa. Allah ya saka mata da alheri.

Ƙauyukan Taneka Koko da Taneka Beri a jikin dutse suke, ɗakuna ne ƙanana zagayayyu masu jinka, an kifa tukunya a tsinin kowace jinka, sun matsu da juna ana ratsawa ta tsakaninsu ta lunguna. Mun fara zuwa gaida mai gari, aka haɗa mu da ɗan jagora, shi ya nuna mana inda baƙo zai taka da inda ba zai taka ba, domin mutanen suna da wuraren al'adarsu da suke girmamawa. Ya kai mu bakin wani kogo, ya ce nan mutane suke ɓuya a zamanin yaƙi da kamun bayi, dalilin da ya sa ma kakanninsu suka bar fili mai daɗin noma suka hau dutse ke nan. Sai babban ɗana, mai shekara goma sha biyar, ya matso kusa da ni ya tambaye ni a hankali: "Baba, su wa suke kama su? Ina ake kai su?"

Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na gaya masa gaskiya. Hanyar da ta ɗauki goro da kanwa ta ɗauki mutane ma. Salaga kasuwar goro ce, kuma babbar kasuwar bayi ce, ayarin fatake da dama sun yi tafiya da mutanen da aka raba da iyayensu, wasu an sa su ɗaukar kaya, wasu an sayar da su a gaba. Mayaƙan da suke kai hari dabam, amma da babu mai saye da ba a kama ba. Na ce da shi, tsohuwar da ta ba mu ruwa ɗazu, mai yiwuwa kakanninta sun taɓa leƙowa daga wannan kogo suna duban ƙurar ayarin da kakanninmu suke ciki. Yaron bai ce komai ba har muka kai ƙololuwa. Ina ganin a wannan rana ya koyi abin da shekara guda a aji ba za ta koya masa ba, ni kaina kuma na ji nauyin maganar ya bambanta da yadda nake jin ta in ina karantawa a zaune.

Daga saman dutsen ana hango fili shimfiɗe har inda hazo ya tare ido. Daga waɗannan duwatsu kogin Weme yake tasowa, ya gangara kudu kimanin kilomita 500, mu masu bin titin Parakou zuwa Djougou mukan haye shi a gadar Bétérou, har ya je ya zuba a tafkin Nokoué, inda garin Ganvié yake zaune bisa ruwa. Can arewa kuma, a cikin jerin duwatsun Atakora, kogin Pendjari yake tasowa, ya zagaya ya shiga Togo da sunan Oti, ya ƙare a tafkin Volta daura da Kete-Krachi. Wato ruwan saman da yake sauka a duwatsunmu har yanzu yana bin sawun fatake zuwa ƙasar goro. Na zana wa yara wannan da tsinke a ƙasa, muka ci ƙuli-ƙuli da dabino, muka yi Azahar a inuwar dutse, muka gangaro da La'asar sakaliya.

Wanda ƙafarsa ta saba, yana da zangunan da suka fi wannan. Natitingou tana kimanin kilomita 80 daga Djougou, a kwance cikin kwari tsakanin duwatsu. Kusa da ita akwai magangarar ruwa ta Kota, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse ya taru a ƙasa. A kan hanyar Boukoumbé akwai Koussoukoingou, a bakin gangare, inda ake hango kwarin Otamari da gidajensu na ƙasa masu bene da ake kira tata, dabbobi a ƙasa, rumbuna da ɗakunan kwana a sama. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki na Kutammaku cikin kayan tarihin duniya a 2004 ta ɓangaren Togo, ta ƙara da ɓangaren Benin a 2023. A cikin waɗannan duwatsu ne kuma Kaba da mutanensa suka yi wa Faransawa turjiya a 1916 da 1917, a daidai lokacin da Bio Gera ya tashi a Bargu. A kudu maso yammacin Djougou kuwa, wajen Alejo a bakin iyakar Togo, dutsen Sokbaro yake, mai tsayin mita 658, wanda ake lissafa shi mafi tsawo a ƙasar Benin, shi kuma yana kusa da inda fatake suke bi. Gaskiya ne in an jera shi da Mont Blanc, wanda ya haura mita 4,800, ɗan tudu ne. Amma wanda ya hau shi da rana tsaka ba zai raina shi ba.

Ga masu niyya, ga abin da na koya, wani da daɗi wani da wuya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. A Maris da Afrilu zafi yakan yi tsanani, da damina kuma ciyawa takan rufe turba, duwatsu su yi santsi, rafuka su cika. A tashi da asuba, a nemi inuwa kafin rana ta take, kamar yadda fatake suke yi. A sa takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa, da hula ko malafa. Kowane babba ya ɗauki ruwa aƙalla lita uku don tafiyar yini, a kuma tafi da garin gishiri da sukari na kemis saboda wanda ruwan jikinsa ya ƙare. A riƙe sanda, a riƙa duba inda ake sa hannu da ƙafa a tsakanin duwatsu saboda maciji da kunama. Kada a kunna wuta a daji da rani, kada a jefar da leda, kada a shiga gonar mutane ko a tsinki yazawarsu. In an isa ƙauye a fara da gidan mai gari, a ɗauki ɗan jagora daga cikinsu a biya shi haƙƙinsa, kada kuma a ɗauki hoton mutum sai da izininsa. Tafiyar da ta kai mutum uku tana bukatar madugu, a zaɓe shi tun daga gida, in ya ce a juya to a juya. Mafi rauni a cikin ayari shi ne ma'aunin sauri, sannu ba ta hana zuwa. Zancen ƙasaru da haɗa salla kuwa, tun da ya danganta da nisan tafiya, a tambayi malamai kafin a tashi. Iyaye mata da 'yan mata kada a bar su a gida da sunan ba za su iya ba. Ayarin da Clapperton ya gani da mata a cikinsa, matan da suka wuce mu a hanyar Copargo ma sun ishe mu hujja.

Akwai maganar da ba zan ɓoye ba, ita ce ta tsaro. A watan Mayun 2019 an sace wasu Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari aka kashe ɗan jagoransu, tun daga ƙarshen 2021 kuma 'yan bindiga suka riƙa kai hare-hare a yankunan iyakar Burkina Faso da Nijar, inda sojojinmu da yawa suka rasa rayukansu, musamman a 2025. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Saboda haka ban ba kowa shawarar ya nufi Pendjari ko gandun W ko ƙauyukan da suke kewaye da su da iyali ba, haka ma dazukan Kainji a wancan ƙetare. Ko a wuraren da na ambata, a tambayi 'yan sanda da hukumar gari halin da ake ciki kafin a tashi, kowa ya riƙe katin shaidarsa, a sanar da na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, kada kuma dare ya riski kowa a daji. Taron baƙi da jakunkuna a baya yana iya tayar wa mutanen ƙauye hankali a irin wannan lokaci, shi ya sa gaisuwa da gabatar da kai suka zama wajibi.

Wani zai ce, mutum da hankalinsa, ga mota ga babur, me zai kai shi wahalar hawan dutse? Sai in ce ya dubi layin masu hawan jini da ciwon sukari a asibitocinmu, ya ga ko akwai gidan da ba shi da wakili. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babba yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma awa guda kowace rana. Ɗan kasuwar da yake zaune a rumfa daga safe zuwa Magariba, da yaron da zem yake kai shi makaranta ya dawo da shi ya zauna da waya, su auna kansu da wannan. Ba sai an je Taneka za a fara ba. A fara da zuwa masallaci da kasuwa a ƙasa, ranar Lahadi a zagaya bayan gari da yara, ƙafa ta saba, sannan a nufi dutse.

Abu na ƙarshe roƙo ne. Hanyoyin ƙafa na Faransa da ɗan ƙanena yake yabo, masu sa kai ne suka fara shata su tun 1947, suna shafa fenti fari da ja a jikin duwatsu da itatuwa domin mai zuwa baya kada ya ɓata. A tarihin Musulmi ma muna da hanyar Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta sa aka gina rijiyoyi da tafkuna da masaukai tsakanin Kufa da Makka, ga shi har yau da sunanta ake kiran hanyar. Tamu hanyar kuwa a bakin tsofaffi kawai ta rage, su kuma kullum raguwa suke yi. Tsakanin Parakou da Djougou kimanin kilomita 135 ne, mota tana cinye su cikin 'yan sa'o'i, amma ayari sai ya yi zango da yawa kafin ya kai. A ina da ina suke sauka? Wace rijiya suke sha, wane mashigi suke bi su haye Weme kafin a yi gada? Duk wanda yake da kaka ko kakan da ya ji wannan daga bakin nasa iyayen, don Allah ya zauna da shi a wannan mako, ya sa yaro ya rubuta ko ya naɗi muryar a waya, da sunan wurin kamar yadda tsohon ya faɗe shi da kuma sunan da ake kiransa yau. A aiko mana ta hannun masu rarraba wannan takarda, mu kuma za mu jera su a wannan fili zango bayan zango, da sunan unguwar da kowane bayani ya fito.

Ɗan ƙanena ya amsa mini cewa zai zo hutu, kuma ya ce shi zai ɗauki jakar ruwa. Na gaya masa ya zo da tsohon takalminsa. Idan Allah ya kai mu hunturu mai zuwa da rai da lafiya, kuma hanya ta yi kyau, niyyarmu mu taka daga Djougou zuwa Semere, mu kwana, mu ga ko ƙafa za ta kai mu gindin Sokbaro.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai kowane matafiyi gida. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.